Harshe Biyu a Gida Ɗaya: Tarihin Haɗa Rassan Manhaja da Sabar Yanar Gizo

1. Gabatarwa

Ɗalibin da ya bar Fassi ya tafi Kibiya ko Rano, ko ya zarce birnin Kano, domin cike takardar neman shiga jami'a ta kwamfuta, da ma'aikacin gwamnati mai duba takardar albashinsa a intanet, dukansu suna hulɗa ne da wata na'ura da ba sa gani. Ita ake kira saba, wasu kuma su ce uwar garke, watau kwamfutar da ke kunne dare da rana tana karɓar buƙatu tana mayar da amsa. Sunan ya haɗa har da manhajar da ke cikinta mai gudanar da wannan aiki. Tun da Hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, shekarar da kuma gwamnatin tarayya ta tilasta amfani da asusun bai ɗaya, irin waɗannan na'urori suka shiga tsakiyar rayuwar ɗalibai da ma'aikata.

Shahararrun manhajojin saba, irin su Apache da Nginx, da harshen kwamfuta mai suna C aka rubuta su. Amma aikin da jama'a ke bukata, kamar lissafin maki ko binciken suna a rajista, galibi da wani harshe dabam ake rubuta shi, a matsayin ƙari da ake jona wa sabar. Irin wannan ƙari shi za a kira reshe a nan. Makasudin wannan lacca shi ne bin tarihin yadda aka koyi haɗa reshe da saba alhali harshensu ba ɗaya ba ne, tare da nuna cewa a kowane zamani wahala da hasara a mahaɗa suka taru, watau daidai inda harsunan biyu suka gamu.

2. Juyi da haɗi kafin yanar gizo

Kwamfuta ba ta jin kowane harshe sai lambobin umurni na injinta. Abin da ɗan Adam ya rubuta da C sai ya bi ta hannun manhajar juyi, wadda ake kira kwamfaila, ta mayar da shi waɗannan lambobi. Tun da yake babbar manhaja guntu-guntu ake rubuta ta, akwai wata manhajar kuma mai suna linka wadda ke tattara guntayen. Idan guntu na farko ya kira wani aiki da sunansa, linka ce ke nemo inda aikin yake a guntu na biyu ta rubuta adireshinsa a gurbin sunan. Wannan shi ne haɗi.

Asalin dabarar ya girmi yanar gizo da shekara 40. Kwamfutar EDSAC ta Jami'ar Kambirij a Ingila ta fara aiki a 1949, kuma masu kula da ita, musamman David Wheeler, suka tanadi ƙananan ayyuka a kan zaren takarda mai huji domin kowa ya ɗauka ya haɗa da nasa. A 1952 Grace Hopper ta Amurka ta samar da tsarin A-0, wanda ke ɗauko irin waɗannan ayyuka ya jera su da kansa. Harshen FORTRAN ya fito a 1957, kuma bugunsa na biyu a 1958 ya ba da damar a juya kowane guntu shi kaɗai, a haɗa daga baya.

Dennis Ritchie ya ƙirƙiro C a ɗakunan bincike na Bell a 1972, aka kuma sake rubuta tsarin Unix da shi a 1973. Da Unix ya bazu a jami'o'i da kamfanoni, sai ƙa'idojin C na kiran aiki suka zama abin da kowane harshe ke bi idan yana son magana da tsarin, kamar yadda Hausa ta zama harshen ciniki a kasuwar Kurmi tsakanin fatake masu harsuna iri-iri. A ƙarshen shekarun 1980 kuma aka samu haɗin da ake yi yayin da manhaja ke cikin aiki. Tsarin SunOS 4.0 na 1988 na daga cikin waɗanda suka yaɗa shi. Daga nan ya yiwu manhaja ta ɗauko wani guntu daga faifai ta jona wa kanta ba tare da an sake gina ta ba.

3. Zamanin ɗan aike

Tim Berners-Lee ya gabatar da shawarar yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janeba a watan Maris na 1989, kuma sabar farko ta fara aiki a ƙarshen 1990. Babban aikin saba a farko shi ne miƙa takardun da aka riga aka rubuta. Ba da jimawa ba mutane suka so shafi mai amsa tambaya, wanda abin da ke cikinsa ya danganta da abin da mai nema ya shigar.

Mafita ta fito a 1993 daga cibiyar NCSA ta Jami'ar Illinois, inda Rob McCool ya rubuta sabar da ta fi kowace yaɗuwa a wancan lokaci. Sunan mafitar CGI. Idan buƙata ta zo, sai saba ta tayar da wata manhaja mai zaman kanta, ta ba ta bayanin buƙatar a rubuce, ta jira amsa a rubuce, ta miƙa wa mai nema, sa'an nan manhajar ta mutu. Ana iya kwatanta ta da ɗan aike wanda ake ba takarda a ƙofar gida, ba ya shiga ciki. Saboda haka babu ruwan saba da harshen da aka rubuta shi. Mafi yawan masu shafuka suka zaɓi Perl, wanda Larry Wall ya fitar a 1987. Shi kansa PHP, da Rasmus Lerdorf ya sanar a 1995, ya fara ne a matsayin 'yan manhajojin CGI da aka rubuta da C.

Fa'idar wannan hanya ita ce aminci, domin idan ɗan aike ya faɗi, gida na nan lafiya. Aibinta shi ne nawa. Perl harshe ne da ake karantawa ana aiwatarwa nan take ta hannun wata manhaja da za a kira tafinta. A tsarin CGI kowace buƙata guda sai an tayar da sabon tafinta, ya karanta rubutun tun daga farko, ya buɗe hanya zuwa rumbun bayanai, ya gama a sallame shi. Idan masu nema suka yi yawa a lokaci guda, sai na'ura ta shagala da tayarwa da sallama, aikin kansa ya tsaya.

4. Shigar da tafinta cikin gida

Bayan McCool ya bar NCSA a 1994, wasu masu kula da shafuka, cikinsu har da Brian Behlendorf, suka haɗa gyare-gyarensu suka fitar da Apache a watan Afrilu na 1995. A cikin wannan shekara Robert Thau ya sake fasalinta, ya raba aikin amsa buƙata zuwa matakai, kamar gano takardar da ake nema, da tantance mai nema, da shirya amsa, da rubuta rajista. A kowane mataki reshe na iya rataya aikinsa. Kafin tsakiyar 1996 Apache ta zama sabar da aka fi amfani da ita a duniya.

Tun da rassan da C ake rubuta su, kuma shi kansa tafintan Perl da C aka rubuta shi, sai aka ga ana iya mayar da tafintan ya zama reshe. Gisle Aas na Norway ya gwada haka a 1996, Doug MacEachern kuma ya ɗauki aikin ya raya shi da sunan mod_perl. Tafinta ya tare a cikin saba, ana tayar da shi sau ɗaya, yana riƙe da rubutun da ya riga ya karanta. PHP ya bi wannan hanya, Python ma ya bi ta hannun Gregory Trubetskoy, wanda ya fitar da mod_python a 2000. Kamfanonin Netscape da Microsoft su ma sun yi wa nasu sabobin irin wannan ƙofa, NSAPI da ISAPI.

Da farko duk mai son ƙara reshe sai ya sake juya Apache gaba ɗayanta. Bugu na 1.3, wanda ya fito a 1998, ya kawo damar gina reshe shi kaɗai da wani kayan aiki mai suna apxs, a ajiye shi a faifai, saba ta ɗauke shi idan ta tashi. Manoma sun san irin wannan a auren mangwaro: reshen da aka ɗaura yana shan ruwa daga jijiyar uwar itace, kuma idan yankan bai dace ba, ba ya kamawa.

5. Sharuɗɗan zaman gida ɗaya

Kafin reshe mai baƙon harshe ya zauna lafiya cikin saba, dole ɓangarorin biyu su daidaita a kan abubuwa huɗu.

Na farko shi ne suna. Apache tana neman reshe ne da wani suna takamaimai da aka rubuta a takardar saitinta. Harshen C++, wanda Bjarne Stroustrup ya fitar a 1985, ya yarda ayyuka biyu su yi suna ɗaya, don haka kwamfailarsa kan ƙara wa sunan aiki wasu alamomi domin bambancewa. Idan marubucin reshe bai yi amfani da umurnin extern "C" ya hana wannan ƙari ba, sai a nemi aiki da sunan da aka sani a rasa. Har ila yau C++ na da nasa ɗakin kayan aiki da dole a haɗa da reshen, in ba haka ba saba ta ƙi tashi.

Na biyu shi ne jerin bayanai. Saba tana miƙa wa reshe bayanin buƙata a jere, kowane abu a gurbinsa. Idan sabon bugu ya sauya jerin, tsohon reshe zai karanta wani abu a gurbin wani. Domin kauce wa haka Apache ke ɗauke da wata lamba da take gwadawa da ta reshe, idan ba su dace ba ta ƙi ɗaukarsa. Wannan ne dalilin da ya sa reshen da aka gina wa bugu na 2.2 bai yi aiki a bugu na 2.4 na 2012 ba sai da aka sake juya shi daga asalin rubutunsa, wani lokaci ma sai da aka gyara rubutun.

Na uku shi ne ma'ajiya, watau ƙwaƙwalwar kwamfuta. Apache tana ware wa kowace buƙata wuri, ta share shi gaba ɗaya idan an gama. Perl da Python kuwa suna da nasu tsarin sharewa. Idan wani ɓangare ya share abin da ɗayan ke amfani da shi, aiki ya rushe. Idan kowa ya bar wa ɗan'uwansa, ma'ajiya ta cika sannu a hankali.

Na huɗu shi ne kuskure da cunkoso. Kowane harshe da yadda yake sanar da kuskure, kuma C ba ya gane na C++. Kuskuren da ya tsallaka mahaɗa ba a tare shi ba yakan kashe aikin sabar da ke ɗauke da reshen. Sa'an nan da Apache 2.0 ta zo a 2002 da damar gudanar da buƙatu da yawa cikin ma'ajiya guda, sai aka tarar da yawa daga kayan da PHP ke dogaro da su ba a rubuta su domin irin wannan zama ba. Shekaru da dama masu amfani da PHP suka ci gaba da tsohon tsari saboda wannan dalili.

6. Komawa waje

Tun 1996 Mark Brown na kamfanin Open Market ya tsara wata hanya ta tsakiya mai suna FastCGI. A nan ɗan aike yana waje, amma ba a sallamarsa bayan kowace buƙata, yana zaune yana jiran ta gaba. Masu harshen Java ma haka suka yi: manhajarsu Tomcat, wadda ta shiga hannun gidauniyar Apache a 1999, tana zaman kanta, wani ƙaramin reshe ne ke kai mata saƙo. Masu Python suka rubuta yarjejeniyar WSGI a 2003 domin manhaja ɗaya ta iya aiki da kowace saba. A 2010 gidauniyar Apache ta jingine mod_python saboda rashin masu kula da shi.

Igor Sysoev na Rasha ya fitar da Nginx a 2004, saba mai iya riƙe dubban masu nema a lokaci guda. Ba ta ɗauki PHP a cikinta ba, ta FastCGI take magana da shi, kuma a 2010 aka shigar da tsarin PHP-FPM cikin PHP domin wannan aiki. Sai a 2016 Nginx ta yarda da reshen da ake ɗauka daga faifai, shi ma da sharaɗin a gina shi daidai da bugun sabar.

Abin da ya faru da kamfanin Cloudflare ya nuna girman haɗarin zaman gida ɗaya. Kamfanin yana tsaye tsakanin miliyoyin shafuka da masu ziyartarsu, kuma yana da reshe a cikin Nginx mai gyara shafi kafin ya isa. An rubuta wani sashe nasa da harshen Ragel, wanda ake juyawa zuwa C. A watan Fabrairu na 2017 Tavis Ormandy na kamfanin Google ya gano cewa a wasu shafuka reshen kan wuce iyakar abin da aka ba shi ya karanta, ya kwaso abin da ke gaba a ma'ajiya ya aika wa baƙo. Tun da ma'ajiyar ta kowa ce, abin da ya fita ya haɗa da bayanan sirri na masu ziyartar wasu shafukan dabam. Daga baya kamfanin ya koma ga Rust, harshen da bugunsa na farko tsayayye ya fito a 2015, wanda kwamfailarsa ke hana yawancin irin wannan kuskure. A 2022 ya sanar da sabuwar manhajarsa Pingora da aka rubuta da shi. Sai dai duk reshen Rust da ya shiga Nginx, a mahaɗa dole ya bi ƙa'idojin C, kuma a daidai wurin kariyar kwamfailar ba ta kaiwa.

7. Lua da Wikipedia ta Hausa

Misalin da ya fi kusa da mai karanta Hausa yana cikin Wikipedia. An buɗe ta a Janairun 2001 da wata manhajar Perl mai bin CGI, a 2002 aka koma PHP, manhajar da aka raɗa wa suna MediaWiki a 2003. Da shafuka suka yawaita, sai samfuran da ke shirya akwatunan bayani da jerin madogara suka yi sarƙaƙiya har suna jinkirta buɗe shafi. Aka nemi harshen da masu gyara za su rubuta ƙananan rassa da shi, aka zaɓi Lua.

An ƙirƙiro Lua a 1993 a Jami'ar Katolika ta Rio de Janeiro a Burazil, a hannun Roberto Ierusalimschy da Luiz Henrique de Figueiredo da Waldemar Celes. Ƙasar ta daɗe tana taƙaita shigo da kayan kwamfuta daga waje, don haka masana suka saba ƙera nasu, kuma ayyukan kamfanin mai na Petrobras ne suka haifar da buƙatar. Tun farko an tsara Lua domin ya zauna cikin wata manhaja, shi ya sa tafintansa ƙarami ne kuma ƙofarsa ta C a fayyace take.

A watan Maris na 2013 aka kunna tsarin Scribunto a dukan shafukan Wikimedia, har da na Hausa. Yana da hanyoyi biyu, daidai da tarihin da ya gabata: ko dai Lua ya zauna a waje a matsayin ɗan aike, ko kuma ya shiga cikin PHP ta wani reshe na C mai suna LuaSandbox da Tim Starling ya rubuta. Wikimedia ta ɗauki ta biyu saboda sauri, amma ta gitta sharaɗi: rassan Lua ba sa taɓa faifai, kuma an ƙayyade musu daƙiƙa 10 na aiki a kowane shafi. Akwatin bayanin da ke gefen maƙaloli da yawa na Wikipedia ta Hausa irin wannan reshe ne ke cika shi daga rumbun Wikidata, wanda aka buɗe a 2012.

A nan ne mahaɗa ta shafi harshen Hausa kai tsaye. Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, sun shiga rubutun boko tun shekarun 1930. A tsarin UTF-8, wanda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, baƙaƙen Turanci gurbi ɗaya kowanne ke ci, amma waɗannan uku kowanne gurbi biyu. Kalmar ƙasa harafi 4 ce, gurbinta 5. Kayan aikin Lua na asali gurbi suke ƙirgawa, don haka za su ce ƙasa harafi 5 ce, ba za su iya mayar da ƙ babban baƙi ba, kuma idan aka ce su yanko harafin farko sai su raba shi biyu, wata alama marar ma'ana ta fito. Saboda haka Scribunto ya zo da kayan aiki na musamman, mw.ustring, mai ƙirga haruffa. Irin wannan saɓani ne ke sa sunan Ɗanladi ko Ɗahiru ya fito da alamar tambaya a wasu takardu. Rumbun bayanai na MySQL, alal misali, tsarin haruffan Yammacin Turai yake ɗauka idan ba a umurce shi ba, har zuwa bugu na 8.0 na 2018.

8. Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa tun 1993 masana ke kai-komo tsakanin hanyoyi biyu. Baƙon harshe a waje ya fi aminci, a ciki ya fi sauri, kuma kowace hanya aka ɗauka akwai yarjejeniyar da dole wani ya san ta, ya kuma kiyaye ta yayin da ɓangarorin biyu ke sauyawa. Sauyin kuwa ba ya tsayawa: an daina gyara Apache 2.2 a 2017, PHP 5 a ƙarshen 2018, Python 2 kuma a farkon 2020. Ma'aikatar da aka miƙa wa reshe ginanne kawai, ba tare da asalin rubutunsa ba, tana da zaɓi biyu a irin wannan rana: ta zauna da tsohuwar saba mai ɓaraka da bayanan jama'a a ciki, ko ta sake biyan kuɗin aikin tun daga tushe.

Bisa ga haka ya kamata jami'in da ke shirya kwangilar shafin rajista ko na albashi ya tabbatar takardar ta ƙunshi abubuwa kamar haka: asalin rubutun kowane reshe, da cikakken bayanin yadda ake juya shi da haɗa shi, da bugun saba da na harshen da aka gina shi a kai, da ko a ciki yake zaune ko a waje da dalilin zaɓin, da sunan ofishin da zai sake gina shi idan bugu ya sauya. Kafin a karɓi aiki kuma, a sa ma'aikacin gida ya gina shi da hannunsa a wata na'ura dabam, a kuma gwada shi da sunaye masu ɓ da ɗ da ƙ.

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da takwarorinsu su ne za a kira idan irin wannan rana ta zo. Asalin rubutun Apache da Nginx da Lua da LuaSandbox duk a buɗe yake ga mai son karantawa, kyauta. Ɗalibin da ya koyi C gwargwadon da zai gina ƙaramin reshe, ya haɗa shi, ya ga yadda yake faɗuwa idan suna ko jeri bai dace ba, ya mallaki ilmin da ma'aikatun jiha da na ƙananan hukumomi za su daɗe suna bukata.